Amsa ga Alhaji kan ko majalisa na iya canza komai a tsarin mulki

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, ka yi haƙuri, tun safe na saurari saƙonka, gosulo ne ya riƙe ni a Ojota. Ka ce in 'yan majalisa suka haɗa baki, shin suna iya canza duk abin da suka ga dama a kundin tsarin mulki, har wa'adin shugaban ƙasa, kotu kuma ta zuba ido?

To, a nan Najeriya sashe na 9 na kundin 1999 shi ne ƙofar. Sai an samu kashi biyu cikin uku a Majalisar Dattawa da ta Wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. In babin haƙƙin ɗan'adam za a taɓa, sai kashi huɗu cikin biyar. Kotu tana duba ko an bi wannan hanya. Nan Legas ma, a 2010, Babbar Kotun Tarayya ta ce gyara bai cika ba sai da sa hannun shugaban ƙasa. Amma sashen bai ware wani abu ya ce wannan kam ba a taɓa shi ba. Wallahi abin yana damuna.

Indiya ce ta yi nisa. A 1973, shari'ar Kesavananda Bharati, alƙalai 13 na Kotun Ƙoli suka zauna, bakwai suka rinjayi shida. Suka ce majalisa na da ikon gyara, amma ba ta da ikon rusa ginshiƙan da kundin ya tsayu a kansu. Alhaji, kai da kake da 'yan haya a Agege, ɗan haya zai yi fenti, ya sake ƙofa, amma ka yarda ya tone harsashin gini? Shekara biyu bayan nan aka yi gyara don hana kotu binciken zaɓen firaminista Indira Gandhi, kotun ta soke wannan sashen. Kenya kuwa, a 2022 Kotun Ƙolinsu ta ce wannan ƙa'idar ta ginshiƙai ba ta aiki a wurinsu.

Ni ina tare da alƙalan Indiya. Sai dai 'yan'uwanmu na Nijar da ke zauren nan sun san abin da ya faru a 2009. Kundinsu ya hana taɓa wa'adi, kotun tsarin mulki ta ce wa shugaban ƙasa Tandja a'a kan neman tazarce, shi kuma ya rushe kotun, ya yi ƙuri'ar raba gardama. Fabrairun 2010 soja suka kifar da shi.

Mu tamu tazarcen ta zamanin Obasanjo, ba ta ma kai gaban alƙali ba. Sanatoci ne suka binne ta ranar 16 ga Mayun 2006. Da sun bar ta ta wuce, jihohi 24 suka bi, wane sashe lauya zai ɗauka ya kai kotu? Shi ke nan abin da ke hana ni sukuni.

Zan biyo ta Mile 12 bayan La'asar, Alhaji, mu ƙarasa.