Me ya sa ƙafata ke taka birki kafin in ga haɗarin?

Ɗan'uwa, ka ce kana tuƙa taksi a Yamai, kuma wajen kasuwar Katako ƙafarka kan taka birki tun ba ka san dalili ba, sai daga baya ka ga yaro ya ɓullo. Kana tambaya ko wani abu ne ke yi maka magana.

Ƙwaƙwalwarka ce. Mafi yawan aikinta ba ya zuwa gaban hankali. Gefen idonka ya kama motsi, ƙwaƙwalwa ta gwada shi da abin da ta tara a shekarun tuƙinka, ta tura wa ƙafa umarni, kai kuma labari ya iso maka a makare.

Wannan ɓangaren na ƙwaƙwalwa ta hanyar jiki yake magana: faɗuwar gaba, bugun zuciya, gumin tafin hannu. A 1997 masanin ƙwaƙwalwa Antonio Damasio da abokan aikinsa a jami'ar Iowa ta Amurka sun ba mutane tari 4 na kati su riƙa zaɓa a wani wasan kuɗi, 2 masu jawo asara. Fatarsu ta fara gumi in sun nufi masu asarar, tun ba su iya faɗin abin da ke damunsu ba. Sunan da ya ɓace maka da safe ya faɗo ranka bayan la'asar, shi ma aikin wannan ɓangaren ne.

Ni dai na yarda da shi a inda mutum ya ƙware, kamar kai da sitiyari. Amma tsohon tsoro ma ta wannan hanyar yake fitowa. In gabanka na yawan faɗuwa ba dalili har barci ya gagara, don Allah ka ga likita.