Shin faifan soul da ba a san mawaƙinsa ba shi ne na gaske, kuma shi ne mai tsada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar akwati cike da ƙananan faifan garmaho na soul, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, sun kusa ɗari biyu. Abokaina biyu masu son wannan kiɗa sun raba mini hankali. Ɗaya ya ce in ware duk na kamfanin Motown in ba yara su yi wasa, wai pop ne da aka yi don Turawa. Ya ce waɗanda ba a san mawaƙansu ba su ne soul na gaske, kuma kowanne zai iya yin miliyoyi. Ɗayan ya ce wannan zancen banza ne. Ga kuma wani dillali yana matsa mini in sayar masa da akwatin a dunƙule kafin ƙarshen wata, har ya ce in goge su da sifirit su yi ƙyalli. Tsorona kada in salwantar da gado, domin ƙannena suna da haƙƙi a ciki. Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Kafin komai, kada sifirit ya taɓa ko faifai ɗaya, kuma kada ka sayar da akwatin a dunƙule. Mai saye da ya sa maka wa'adi yana so ne ka sayar kafin ka san abin da ke hannunka.

Maganar abokinka na farko ita ce wadda ta fi cin kuɗin mutane a wannan harka, kuma kullum sai an maimaita ta: wai faifan da ya yi kasuwa ya sayar da kansa ga pop, wanda bai yi ba kuwa ya tsare asalinsa, saboda haka ya fi daraja. Duk wanda ya san yadda aka buga faifan nan ba zai faɗi haka ba. Ƙananan kamfanonin Detroit da Chicago da Los Angeles da suka buga waƙoƙin da ake rububi a yau ba gudun kasuwa suke yi ba, bin ta suke yi ido rufe. Sautin Motown ɗin da abokinka ke rainawa shi suke kwaikwayo: ganga mai dukan kowane taku, tambura, goge da ƙaho a baya, waƙa da ba ta kai minti uku don gidan rediyo ya sa ta. Wasunsu a Detroit, garin da Motown yake a lokacin, har makaɗan Motown suke ɗauka a ɓoye da dare su buga musu. Abin da ya hana su shiga kasuwa shi ne rashin kuɗin talla, ko mai rarraba faifai ya riƙe musu kuɗi, ko kamfanin ya rushe kafin faifan ya bar gari. An buga 'yan ɗaruruwa, aka sayar da kaɗan, sauran suka ƙare a sito ko a juji. Ƙarancin da ake yi wa kirari ke nan.

Shi kansa faifan da aka fi ambata idan ana zancen tsada ya isa ya rufe bakin mai wannan magana. "Do I Love You (Indeed I Do)" na Frank Wilson, wanda aka sayar da kwafinsa ɗaya a gwanjo a 2009 kan fam 25,742, faifan Motown ne. An buga shi a 1965 a ƙarƙashin tambarinsu mai suna Soul, lamba 35019. Aka fasa fitar da shi domin mai kamfanin, Berry Gordy, ya fi son Wilson ya tsaya a aikin tsara wa wasu waƙa, aka lalata kwafin da aka buga, 'yan ƙalilan suka tsira. Da ya fita ya yi kasuwa, da yau yana cikin waɗanda aka ce ka ba yara. Waƙar ba ta canza ba, tsarinta na Motown ne tsantsa. Kuma tun 1979 Tamla Motown ta sake buga ta a Ingila, kowa na iya saye.

Ga wani misalin da ya fi wannan fito da abin fili. "Open the Door to Your Heart" na Darrell Banks ya fita a 1966 a kamfanin Revilot na Detroit, ya kai na biyu a jadawalin R&B, wato jerin waƙoƙin baƙaƙen fata da suka fi kasuwa, na mujallar Billboard, ya kuma shiga na pop. Bugun Amurka yana da yawa, ba shi da wata tsada. Amma wani kamfani mai suna London a Ingila ya buga shi, sai haƙƙin fitarwa ya koma hannun kamfanin Stateside, aka janye na London. Da kwafi ɗaya na London ɗin ya ɓullo a 2014, an saye shi sama da fam 14,000. Murya ɗaya, ɗauka ɗaya. Abin da aka biya wa wannan kuɗi takardar tsakiyar faifan ce da tarihin bugunsa. To ta ina farashi ya zama ma'aunin zurfin soul?

Rabon da ake yi tsakanin soul da pop ma bai taɓa zama katanga ba. Daga ƙarshen Nuwamban 1963 zuwa Janairun 1965 Billboard ba ta buga jadawalin R&B kwata-kwata ba, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne waƙoƙin baƙaƙen fata sun cika jadawalin pop har biyun sun kusa zama ɗaya. Aretha Franklin ta hau na ɗaya a pop da "Respect" a 1967. Otis Redding na kamfanin Stax a Memphis, wanda masu ra'ayin abokinka ke ɗauka a matsayin kishiyar Motown, ya hau na ɗaya a pop a 1968 bayan rasuwarsa. Wa zai tashi ya ce waɗannan ba soul ba ne? Gaskiya ne Gordy ya gina Motown da nufin sayar wa kowa da kowa, ya gyara wa mawaƙansa sutura da tafiya da magana don su shiga talabijin da manyan gidajen rawa na Turawa. Ana iya muhawara a kan abin da wannan gogewa ta rage wa wasu waƙoƙin, kuma ni ma ina ganin ta rage a wasu wurare, musamman inda goge ya danne murya. Amma baƙar fata ya mallaki kamfani a Amurkar 1959 ya kai mawaƙansa saman kasuwar da aka daɗe ana hana su, wannan ba abin kunya ba ne.

Asalin wannan ɗabi'a ta bautar ƙaranci arewaci da tsakiyar Ingila ne. A gidajen rawa irin su Twisted Wheel na Manchester, da Golden Torch, da Blackpool Mecca, da Wigan Casino da ya yi rawar kwana daga 1973 zuwa 1981, matasan ma'aikata suka nace wa soul mai sauri na shekarun 1960 bayan Amurka ta wuce shi. Dave Godin, mai shagon faifai a Landan, shi ya raɗa wa abin suna Northern Soul. Martabar DJ a wurin ita ce ya mallaki faifan da babu mai shi, har sukan liƙe takardar tsakiya su rubuta sunan ƙarya don kada abokan hamayya su gano. Sun yi aikin kirki, sun tono waƙoƙin da da sun ɓace. "Tainted Love" na Gloria Jones, wanda yake bayan faifai ne da bai yi kasuwa ba a 1965, ta hannunsu ya rayu har Soft Cell suka sake rera shi ya hau na ɗaya a Ingila a 1981. Sai dai gasar ta haifi kasuwar jabu, kuma a nan haɗarin yake. Tun shekarun 1970 ake buga kwafin sata masu kama da na asali. Yau waɗannan jabun sun haura shekara arba'in, sun yi ƙura sun kode, kuma dillalai marasa tsoron Allah suna sayar wa sababbin shiga da sunan na asali. Faifan Frank Wilson ɗin ma an yi jabunsa, aka ƙara masa sauri aka sa sunan wani mawaƙi.

Saboda haka faifan da ba a sani ba kashi uku ne: wanda ake nema ruwa a jallo, wanda jabu ne, da wanda ba a sani ba domin babu mai so. Kashi na uku shi ne mafi yawa, nesa ba kusa ba. Tsada tana zuwa ne idan abu uku suka haɗu, ƙaranci da masu nema da lafiyar faifan, in ɗaya ya faɗi farashi ya faɗi.

Yanzu ga aikin da ke gabanka. Ka sami littafi ka rubuta kowane faifai: mawaƙi, waƙoƙin fuska biyu, kamfani, lambar da ke kan takarda, da ƙasar da aka buga. Sannan ka karkata faifan a gaban fitila ka duba filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takarda. Akwai lambobi da haruffa a wurin, wasu an karce da hannu, wasu an buga da hatimi, su ne shaidar haihuwar faifan. Haruffan ZTSC suna nuna aikin Columbia na Chicago. ARP kamfanin bugu ne a Michigan da ya buga wa Motown da yawa. MR a cikin da'ira, tare da alamar kusurwa uku da lamba a gabanta, na Monarch ne a Los Angeles, kuma lambar tana hawa da shekaru, don haka faifan da ke cewa 1966 alhali lambarsa ta shekarun 1970 ce ya tona kansa. Mai jabu yakan kwaikwayi hatimi da hannu, sai ka ga haruffan sun karkace. Faifan Amurka mai ƙaramin harafin P a cikin da'ira a kan takarda daga 1972 ne zuwa sama, amma wannan doka ba ta hau bugun Ingila ba, su sun riga amfani da alamar. Bugun Amurka babban rami gare shi, na Ingila ƙaramin rami da tsakiya da ake iya ɓallewa, kuma ɓalle ta yana rage kuɗi. Da waɗannan bayanai sai ka nemi ainihin bugun a Discogs, shafin intanet na cinikin faifai, ka dubi farashin da aka riga aka saya. Farashin da mai sayarwa ya rubuta buri ne kawai. Shafin Popsike kuma yana ajiye sakamakon tsofaffin gwanjo.

Lafiyar faifai tana da ma'auni. A tsarin mujallar Goldmine da 'yan kasuwar ke bi, idan mai kama da sabo, wato NM, ya yi ɗari, mai ɗan alamar amfani, wato VG+, yakan yi kusan hamsin, mai karce da ake ji, wato VG, ashirin da biyar, wanda ya sha jiki sosai, wato G, kuwa goma zuwa sha biyar. Faifan da ya sha biki da allura mai nauyi da zafin Kaduna da wuya ya wuce VG. Ka sa wannan a ranka tun yanzu.

Batun sifirit kuwa, ɗimbin ƙananan faifan Amurka na wancan zamani ba da robar vinyl aka yi su ba, da wata roba mai tauri da ake kira styrene ne. Za ka gane shi: ya fi sauƙi a hannu, ba ya lanƙwasuwa, takardarsa manna ta aka yi a sama har farce na jin bakinta, in ka ƙwanƙwasa shi yana ƙara kamar faranti. Fetur da sinadarin goge farce suna narkar da shi, kananzir yana barin maiƙo a cikin tsagin waƙa, sifirit kuma yana iya dusashe shi. In akwai manyan faifai masu nauyi masu gudun 78 a akwatin, sifirit cinye su yake yi kai tsaye. Ƙyallin da dillalin yake so ɓoye karce yake yi na ɗan lokaci, kuma mai saye da ya san aiki yana ganin haka zai rage kuɗi. Ka fara kaɗe ƙura da burushi mai laushi, domin ƙurar hunturu yashi ce, in ka goga da ita a kai ka karce faifan da hannunka. Sannan tataccen ruwa irin na kemis, lita ɗaya da ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun wanke kwanuka, da ƙyalle mai laushi, kana bin tsagin a kewaye, ba a gicciye ba. Ruwa kada ya taɓa takarda. Ka ɗauraye da tataccen ruwa zalla, ka jingina a inuwa ya bushe sarai. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a tsagi. Wanda kake zaton mai tsada ne ma, ka bar shi yadda yake.

Kada ka gwada su a kan ƙananan garmahon nan na zamani masu kamar jaka, allurarsu takan danna da nauyin giram biyar ko fiye, kuma styrene sau kaɗan yake jure wannan kafin tsaginsa ya yi fari, sautin ya koma shuu har abada. Allura mai zagayayyen baki, sabuwa, da nauyin giram biyu ko kusa da haka, ita ce daidai. Ajiya kuma a tsaye, kowanne a rigarsa ta takarda, a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da kwanon rufi da taga. Jibge su a kwance cikin zafin Afrilu shi ke tanƙware su.

Abu ɗaya da abokanka biyu ba su faɗa maka ba, kuma ina kyautata zaton dillalin ya sani. A shekarun da James Brown ya zo Legas, wato 1970, makaɗan Najeriya da na sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, irin su Geraldo Pino ɗan Saliyo, sun yi nasu soul da funk, kamfanoni irin su EMI da Decca suka buga a nan gida. Waɗannan su ne masu tara faifai a Turai da Amurka da Japan ke nema a akwatuna irin naku, sau da yawa fiye da na Amurka da suke da su a can. Ka ware su gefe guda ka bincike su da kyau.

In ka gama rubutun, ka zaunar da ƙannenka ka nuna musu littafin da farashin da ka gano, domin dukiyar magada ce, ba a sayar da ita a kan jita-jitar majalisa ko gaggawar dillali. Masu daraja a sayar da su ɗaya-ɗaya, da hoton fuska biyu da hoton lambobin da ke filin santsi, bayan an ji tayin mutum biyu ko uku. Na Motown da Stax da Atlantic da suka yi kasuwa ba za su kawo kuɗi mai yawa ba don an buga su da yawa, amma a wanke su a adana, in kuma wani cikin magada yana so a ƙiyasta kuɗinsu a sa a rabonsa.