Yarona ɗaya ke yawan kamuwa da nimoniya, gado ne?

Tambaya: Salam likita, ni uwa ce daga Aboabo nan Kumasi. Yarana biyu ɗaki ɗaya suke kwana, tuwo ɗaya suke ci, amma ƙaramin mai shekara 2 sau uku kenan ana kwantar damu asibiti da nimoniya, yayan kuwa ko tari bai cika yi ba. Uwar mijina tace jinin danginmu ne. Dan Allah ana gadon abin nan?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ita nimoniya ba a gadonta, ƙwayar cuta ce ke sauka a huhu, yawanci bakteriyar nimokokus ko Hib ko bairos irin su RSV. Abin da ake gada shi ne yadda jiki ke tarbar ƙwayar in ta shigo, kuma nan ne wa da ƙani ke iya bambanta.

A jikin ƙwayoyin garkuwa akwai wasu na'urori da ake kira TLR, aikinsu kamar na maigadi ne, da sun ga baƙuwar ƙwaya sai su busa usur, saƙon ya bi ta wasu sinadarai irin su MyD88 da IRAK-4 har jiki ya tashi zazzaɓi ya turo fararen ƙwayoyin jini wajen. Duk waɗannan na'urori da sinadarai, ƙwayoyin gado ne ke ƙera su, kuma na kowa da ɗan bambancinsa. A 2003 masu bincike a Paris suka gano yaran da IRAK-4 ɗinsu baya aiki, a 2008 kuma na MyD88, irin yaran nan nimokokus na kama su akai akai kuma abin tsoron shi ne ciwo na cin su amma jikin baya zafi sosai, sai iyaye su ɗauka da sauƙi. Amma fa ba kasafai ake samun wannan ba a duk duniya. Ƙananan bambance-bambancen da suka fi yawa cikin mutane kuwa, tasirin kowanne kaɗan ne, wani binciken ya gani wani bai gani ba, toh ni dai ban yarda ki kashe sidi ɗaya kan gwajinsu ba.

Gadon da nafi tuhuma a Kumasi sikila ce. Kusan jariri 2 cikin 100 a Ghana da ita ake haifarsu, tana lalata saifa tun yaro na ƙarami, ita kuwa saifa ita ke tace nimokokus daga jini. Tun 1995 aka fara gwada jarirai a asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Ji, ƙarƙashin marigayi Farfesa Ohene-Frempong. Ki je a duba jininsa, in ita ce za a ɗora shi kan penisilin kullum. Batun uwar mijinki kuma, a faɗa mata cikin ladabi, sikila da matsalar IRAK-4 duk sai uwa da uba sun haɗu sun bayar yaro ke samu, shi yasa auren zumunci ke ƙara haɗarin.

Ki buɗe katin awonsa ki duba ko ya samu allurar rigakafin nimokokus, wato PCV, duka uku, sati 6 da 10 da 14, Ghana ta fara bada ita tun 2012. Sannan hayaƙin gawayi, in kina goye da shi gaban murhu ko ana kunna maganin sauro na hayaƙi a rufe ƙofa, balle ga ƙurar hunturu, wannan yafi yawancin ƙwayoyin gadon illa. Nimoniya sau uku dai tayi yawa, ki nemi likitan yara ya duba asma, zuciya, ƙanjamau, tarin fuka da nauyinsa, in duk babu sai a koma kan garkuwar.

Duk ran da yake tari ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashi na minti ɗaya, a shekarunsa, numfashi 40 ko fiye yayi sauri. In ƙasan ƙirjin na lotsawa ciki ko ya ƙi shan komai, ko da zazzaɓi ko babu, a tafi asibiti a daren, kar a tsaya sayen sirop a kemis.