Tambaya da Amsa: Shin Dole Ne Naƙudar Fari Ta Yi Kwanaki?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata ta dawo gida goyon ciki, kuma cikin ya shiga wata na tara. Kakarta ta ce naƙudar fari sai an kwana biyu ko uku ana yi, saboda haka kada mu yi gaggawar zuwa asibiti. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Ta yaya ake gane naƙudar gaskiya, kuma yaushe jinkiri yake zama haɗari? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sauke ta lafiya. Akwai gaskiya a maganar kaka, domin naƙudar fari takan fi ta baya jinkiri, amma ba har kwana uku ana fama da ciwo mai ƙarfi ba.

Ciwon da yake zuwa ba tsari, ya lafa idan mace ta huta ko ta sauya kwanciya, share fage ne kawai. Naƙudar gaskiya takan kama baya da mara, tana dawowa a kai a kai, tazararta tana raguwa, ƙarfinta yana ƙaruwa, sau da yawa tare da fitar majina mai ɗan jini ko fashewar faya. Aikin da mahaifa take yi a lokacin shi ne buɗe bakinta har ya kai santimita 10. Rabin farko yana tafiya a hankali, kuma tsawonsa ya bambanta daga mace zuwa mace. Daga santimita 5 zuwa 10 kuwa, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 sun nuna cewa ba ya yawan wuce awa 12 ga mai haihuwar fari, yunƙuri kuma yakan ƙare cikin awa 3. Mabiyiya takan biyo baya cikin rabin awa. A gida babu mai iya auna wannan buɗewar, babu kuma mai sauraren bugun zuciyar jariri, shi ya sa nake ganin haihuwar fari ta asibiti ce tun daga farkonta.

Abin da ya fi damuna shi ne doguwar naƙuda. Idan kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko kwanciyarsa ba daidai ba ce, sai kan ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ma ba a samunsa da rai. Da yawa daga cikin matan da ake yi wa gyara a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ta haka suka samu lalurar. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, tun da ƙashi ne ya tare, sai dai ya ƙara rauni da zubar jini. Allurar naƙuda da ake sayowa a kemis a yi a gida kuwa tana iya fasa mahaifa. Maganin irin wannan doguwar naƙuda shi ne tiyatar ciro jariri a kan lokaci.

Ki zauna da 'yarki tun yanzu ki cire mata kunya, domin 'yan fari da yawa sukan ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsu. Kada a jira komai idan aka ga jini, ko ruwan faya ya fito kore, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko jijjiga, ko hannu ko cibiya ta riga kai fitowa, ko jariri ya rage motsi. Bayan haihuwa ma, jinin da ya kai rabin lita ya wuce ƙima, don haka ake yi wa mai jego allurar da take matse mahaifa da zarar ta sauka. A tanadi abin hawa, da kuɗi, da katin awo, da ɗan'uwan da zai ba da jini, sannan a karɓi izinin mijinta tun yau, don kada dare ya yi ana nemansa a waya.