Kulle shafi ake yi, ba kulle mabuɗi ba

Habibu, na ga tambayar da ka bar min a kan tebur kafin ka wuce Makka Umara. Ka ce kana da mabuɗan sirri guda biyu na ɓoye bayanai a firogiram ɗinka, kowanne bayit 32. Ka nema musu wuri da malloc, mai ware wa firogiram wuri a RAM, ka kira mlock, mai kulle wurin, a kan kowanne don kada Linux ta kwashe su daga RAM zuwa suwaf, wato wurin da take juye abin da ya yi wa RAM yawa a faifai. Da ka gama da na farko ka kira munlock, mai buɗe kullen, a kansa, sai ka leƙa /proc/PID/status ka ga VmLck, adadin RAM ɗin da ke kulle, ya faɗo daga 4 kB zuwa 0, alhali ba ka taɓa na biyu ba. Shi ne kake zargin kanel, wato zuciyar Linux.

Kanel lafiyarta lau, ɗana. Ita ba ta san bayit 32 ba, shafi ta sani, wato gunduwar da take raba RAM da ita, shafi kuwa a x86-64 bayit 4096 ne. Duk adireshin da ka ba mlock, shafin da yake ciki gaba ɗaya za ta kulle. Ita kuma malloc ta zuba maka mabuɗan nan biyu kusa da juna, a shafi ɗaya. Kamar alhazai biyu ne a ɗaki guda lokacin aikin Hajji: kwadon yana ƙofa, ba a jakar kowa ba, wanda ya buɗe ya buɗe wa kowa. Kuma a Linux kulle ba ya taruwa. Ko sau goma ka kira mlock a shafi, munlock ɗaya ta warware shi, halas.

Gyaran shi ne ka raba sirri da malloc. Nemi shafi cikakke da mmap, mai karɓo shafi kai tsaye daga kanel, ka sa MAP_PRIVATE da MAP_ANONYMOUS, kowane mabuɗi da nasa. In mabuɗan suna da yawa, tara su a yanki ɗaya ka riƙe lissafi da kanka, kada ka buɗe sai na ƙarshe ya fita. Girman shafi kuma ka tambayi sysconf(_SC_PAGESIZE), kar ka rubuta 4096 da ka, domin wasu injinan ARM64 suna aiki da shafin 16 KiB ko 64 KiB.

Wajen sakin shafi ne yara suka fi yin ɓarna. Fara gogewa da explicit_bzero, mai cika wurin da sifiri, sannan munlock, sannan munmap, mai mayar wa kanel shafin. In ka buɗe kafin ka goge, ka bar kafar da sirrin zai iya sauka faifai. Kar ka dogara da memset wajen gogewar, kompaila, mai juya firogiram zuwa harshen inji, na iya cire ta in ta ga ba wanda zai sake karanta wurin.

Duba abin da mlock ta dawo da shi kullum. Akwai iyakar RAM ɗin da za ka iya kullewa, RLIMIT_MEMLOCK, ulimit -l zai nuna maka ita. A da 64 KiB ce, wato shafi 16 kacal, daga Linux 5.16 ta koma 8 MiB. In ka wuce ta, za ka samu -1 da ENOMEM, alamar kullen bai yiwu ba, firogiram kuma ya ci gaba da tafiya kamar ba komai. Maganinta ɗaga iyakar da LimitMEMLOCK= a fayil ɗin systemd, mai tayar da firogiram a Linux, ba mayar da komai root, mai cikakken iko, ba.

Sannan mlock suwaf kaɗai take tsarewa. Ɗan da fork ta haifa, wato kwafin firogiram ɗin da ke gudana, ba ya gadon kullen, amma yana gadon sirrin, don haka sa madvise da MADV_DONTFORK. In firogiram ya faɗi, fayil ɗin core, inda ake juye abin da ke RAM ɗinsa, zai kwashe shafin, sai ka sa MADV_DONTDUMP. Laftof ɗin da ya shiga dogon barcin da ake juye RAM duka a faifai kuwa, kulle ba ya hana shi.

In ka dawo Jidda ka sake rubuta shi da mmap biyu. Ina so in ga VmLck ya nuna 8 kB, ka saki ɗaya ya koma 4.