Gidan gado a Banifandu da wa'adin ranar Juma'a

«Metir (lauya), ni malamar makaranta ce a Yamai, maigidana direba ne. Shekara 11 muna zaman haya. Sau biyu muna samun gida, kafin mu haɗa kuɗi wani ya riga mu. Yanzu dillali ya nuna mana wani a unguwar Banifandu, ɗaki huɗu da falo, sefa miliyan 24. Ya ce mutum uku na jira, in ba mu ajiye miliyan 5 kafin Juma'a ba, gida ya wuce mu. Mai gidan ya rasu, babban ɗansa ke sayarwa, ya nuna mana kwafin takardar meri (ma'aikatar magajin gari) da sunan mahaifinsa. Mu bayar?»

Malama, na san zafin da kike ji. Wanda ya kwashe shekara 11 yana kai wa wani kuɗin haya duk ƙarshen wata, in ya ga ƙofar gidansa na kansa a buɗe, ba ya son a ce masa dakata. Amma kar ki miƙa wa yaron nan miliyan 5 hannu da hannu. Ban ce ki haƙura da gidan ba. Akwai hanyar riƙe shi ba tare da kin jefa gumin shekarunki cikin rijiya ba.

Mu fara da wanda ke sayarwa, don nan ne ƙashin maganar. Ranar da mai gida ya cika, gidan ya zama na magada baki ɗaya: matarsa ko matansa, ƴaƴa maza da mata, iyayensa in suna raye. Babban ɗa yana da girman yayantaka, ba shi da ikon sayar da rabon kowa. A Nijar kotuna suna bin al'adar mamaci a sha'anin gado, ga Musulmi kuwa wannan na nufin matar mamaci tana da tumuni in akwai ƴaƴa, kowace ɗiya ma da kasonta. Dokar farar hula da muke aiki da ita, a aya ta 1599, ta ce cinikin kayan wani ɓatacce ne. In ɗan ya sa hannu shi kaɗai, iyakar abin da kika samu kasonsa, sauran kuma suna iya kai ki gaban alƙali ko bayan kin shafa fenti kin tare.

Na taɓa riƙe shari'ar wasu bayin Allah da suka faɗa irin wannan. Sun biya, sun tare, har sun dasa lemu a tsakar gida. Bayan wata 14 wata ƙanwar mai sayarwa ta dawo daga Abijan da takardar haihuwarta a jaka. Ba ta zo da faɗa ba, haƙƙinta kawai ta nema, kuma tana da gaskiya. Ɗan'uwan nata ya riga ya cinye kuɗin. Har yau ina tuna uwargidan zaune kan bencin kotu da takardar cinikin a ƙulle cikin leda, tana ta buɗewa tana ninkewa.

Saboda haka ki nemi ganin takardar mutuwa, da takardar kotu mai lissafa magada, da takardar zaman dangi wadda alƙali ya amince da ita, inda aka naɗa wakili aka kuma rubuta ƙarara cewa an ba shi izinin sayar da wannan gida. Ki karanta wurin nan da kyau: wakilcin karɓar fanshon mamaci daban, wakilcin sayar da gida daban. In akwai marayu ƙanana cikin magada, sai da izinin alƙali. Wanda ke ƙasar waje kuma ya aiko da wakilci a rubuce.

Sai takardar gidan. Abin da aka nuna maki kwafi ne na acte de cession, takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa bayan an yanka fili. Kwafi ba ya nuna inda ta asali take, kuma sau da yawa tana ajiye a banki ko hannun wani ɗan kasuwa da aka ci bashinsa. Ki ce a kawo ta asali, a je ofishin filaye na meri da lambar rukuni da ta fili a duba sunan da ke cikin rajista, don fili ɗaya mai takardu biyu ba baƙon abu ba ne a Yamai. In gidan na da titre foncier, wato takardar mallakar fili da aka yi wa rajista a hukumance, ofishin ajiyar takardun ƙasa zai faɗa maki ko akwai jingina a kansa. Titre foncier ita ce takarda mafi ƙarfi: tun dokar 26 ga Yuli 1932 ba a ƙalubalantar ta in ta fito. Tun 2006 kuma akwai hanya mai sauƙi ta samun ta, wadda ake kira Sheda. Bayan ciniki ki nemi taki.

Yanzu maganar Juma'a. Dillali la'adarsa yake nema, ba laifi, amma gaggawarsa ba taki ba ce. Abin da za ki ce wa magada shi ne: kuɗi na nan, gobe mu haɗu ofishin notar, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta takardun ciniki da tabbatar da su. A can a rubuta alƙawarin ciniki, miliyan 5 su zauna hannun notar, ba hannun kowa ba, a sa wa'adin kwana 30 ko 45, da sharaɗin cewa in takardun gado ba su cika ba, ko aka tarar da jingina, kuɗinki su dawo maki cif. Mai sayarwa na gaskiya ya samu abin da yake so, wato tabbacin ba wasa kike ba. Wanda ya ce shi dai a ba shi a hannu, ba ya zuwa wurin notar, ya ba ki amsa ke nan.

Ki lura da kalmar da za a rubuta kan kafin alƙalamin. In an sa arrhes, aya ta 1590 ta ce kowa na iya janyewa: ke ki yi asarar abin da kika bayar, su kuma su maida maki ninki biyu. In an sa acompte, ciniki ya ƙullu, ba mai fasawa shi kaɗai. A kasuwar da wani ke iya zuwa jibi ya ƙara miliyan 2 a kan tayinki, ni na fi son ta biyun gare ki, matuƙar an rubuta sharuɗɗan da na ambata.

Kafin ranar, ku zaga unguwar ba tare da dillali ba. Ku gai da mai unguwa, ku tambayi maƙwabta ƴaƴa nawa marigayin ya bari. Ku dubi ƙasan bango ko akwai sawun ruwa. Ambaliyar Satumba 2020 ta fi cin unguwannin bakin kogi irin su Saga da Kirkisoy, amma ruwan sama na kwanciya a kwaruruka nesa da kogi ma. Ku nemi rasit na ƙarshe na wuta da ruwa.

Abu ɗaya ya rage, kuma ki gafarce ni in na shiga cikin gida. Kin ce «mu», na ɗauka albashinki da adashinki na cikin kuɗin nan. A aurenmu na Musulunci dukiyar mata tata ce, ta miji tasa ce, kuma takarda sunan da aka rubuta kawai ta sani. Ku zauna da maigida tun yau da dare ku tsai da magana, ku ce wa notar ya sa sunayenku biyu, da kason kowa gwargwadon abin da ya zuba.