Tambayoyinku Kan Rage Ƙiba: Allura, Shayi da Ɗamara

Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto cewa nauyinta ya kai kilo 104, gwiwoyinta suna ciwo, kuma wata dillaliya ta yi mata tallar allurar Ozempic a WhatsApp a kan rabin farashin kemis. Tana tambaya ko ta saya.

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ki kwantar da hankalinki, domin ƙiba lalura ce da likitoci ke dubawa kamar hawan jini. Amma kada ki saya. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmark ya yi Ozempic ne domin masu ciwon sukari, sai a 2021 Amurka ta amince da 'yar'uwarta Wegovy domin rage ƙiba. Sinadarinsu ɗaya ne, ana yin allurar sau ɗaya a mako, tana rage sha'awar abinci, tana kuma iya kawo tashin zuciya da amai. Mai ciki ba ta yin ta, kuma yawancin waɗanda suka daina sukan ga ƙibar ta dawo, alhali kuɗin wata guda ya zarce albashin ƙaramin ma'aikaci.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan araha. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wannan allura da aka gano a Birazil da Ingila da Amurka, kuma a Turai an sami jabun da aka cika da insulin, maganin da ke saukar da sukarin jini, har sukarin wasu ya faɗi aka kwantar da su a asibiti. Ko ta gaskiyar ce, firiji take buƙata kafin a fara amfani da ita. To, a ina dillaliyar ta adana ta da wannan wutar tamu? Ki je asibiti a auna miki sukari da hawan jini, likita ya yanke hukunci, sannan ki saya a kemis mai rajista, ki duba lambar NAFDAC.

Wata amarya daga Gusau tana neman shayin da zai zubar mata da tumbi cikin mako biyu. Yawancinsu gudawa suke sa wa, ruwan jiki ne ke fita, kitsen yana nan. An ma sha gano sibutramine a cikin wasu, maganin da aka janye tun 2010 saboda haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki faɗa wa tela ya ƙara wa rigar faɗi.

Wani malami daga Maraɗi kuma ya tambaya ko ɗamarar roba tana narkar da teɓa. Malam, gumi kawai za ka yi.